Haƙorin Fere Waya

Litinin, 6 ga wata
Yau likita ta huda haƙorin nan, ta cire jijiyarsa, ta cike shi. Wai na daɗe da ciwon kafin na zo, don haka zai iya kumbura. Kar in ciji komai ta nan sai ta sa masa hula. Haƙori da hula. Na ce ta haɗa masa da tabarau. Ko murmushi ba ta yi ba.

Talata, 7 ga wata
Na koma shagonmu na gyaran fanka. Maigida ya ce in huta. Hutun me? Duk layin nan an san ni da fere waya da haƙori, in tofa wa abokin aikina Dogo robar a ƙeya. Na fere abata. Wani zafi ya harba har cikin kunne, na saki ƙara. Na ce wa Dogo waƙa nake gwadawa.

Laraba, 8 ga wata
Kunci ya tashi. Na ce wa Inna alawa ce a bakina. Ta ce, "Tofo ta in gani."
Maganin da likita ta ba ni kuwa na ajiye shi, ɗaci gare shi.

Alhamis, 9 ga wata
Zazzaɓi, ido ɗaya ya soma rufewa. Kawu ya zo dubiya, shi da nake kira Ƙofar Gari saboda wawulonsa. Ya buɗe min shi gaba ɗaya, wai, "Ɗana, akwai sauran wuri a ƙungiyarmu."
Ba zan shiga ba. Ni da bulalar Malam ba ta taɓa sa ni hawaye ba? Wannan ruwan, kumburin ne ke matso shi.

Juma'a, 10 ga wata
Kawu ya tasa ni gaba har wurin likita. "Me ka ciza?" Na ce iska. Sai ga ta da guntun jar roba a bakin hantsaki. Cikon ya fashe, datti ya shiga. Ta wanke, ta sake cikewa. In haƙorin kansa ya tsage, cirewa ne, in ji ta. Kawu har da tari don dariya.

Litinin, 13 ga wata
Kumburi ya sauka. Magani ina sha, don dai Inna na tsaye a kaina.
Maigida ya miƙo waya. Na kai ta baki, na tsaya. Filaya na ɗauka. Dogo ya zuba min ido, na ce hannu nake koya wa aiki, ya daɗe yana cin banza.
Haƙorin yana nan. Ina ta lalubarsa da harshe, ba wanda ya gani.