Lefen Ƙanena Da Motarku Ta Riƙe

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ya sayar mini da mota mai aiki da lantarki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da ma'aikatanka, da wannan muryar da take ce mini in danna ɗaya duk lokacin da na kira ofishinku. Ita kaɗai nake samu, shi ya sa na fito fili.

Ranka ya daɗe, ni mazaunin Tirwun ne a Bauchi. Na sayi motarku don in huta da layin gidan mai, kuma na huta, har na riƙa tsokanar maƙwabcina Baba Ayuba cewa tsohuwar motarsa ta fi maganin sauro hayaƙi.

Na farko. Kwanan baya saƙo ya fito a allon motar, wai kun aiko mata da sabuwar manhaja ta iska. Ban roƙa ba, amma da yake kyauta ce sai na danna. Tun daga ranar ta daina barci. Ko an kashe ta sai ta ci gaba da hira da kwamfutocinku, tana zuƙe ƙaramin batirin da yake buɗe ƙofofi ya tayar da ita. Ni ban ma san tana da ƙaramin batir ba, domin ranar ciniki babban kawai yaranka suka yi wa kirari.

Na biyu, kuma nan ne zafin. Ƙanena Nura zai yi aure, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne ubansa. Mun sha yawo a kasuwar Muda Lawal kafin lefe ya haɗu. Ranar Juma'a da yamma muka jera akwatunan a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, na kulle, don kada idon 'yan unguwa ya riga na surukai gani. Asabar da safe gwaggonninmu da za su kai kayan suka fito sun sha ado da turare, mota kuwa ta ce ba ta san ni ba. Babban batir cike yake fal, ƙaramin ne ya mutu! Ɗan makullin ƙarfe ya buɗe ƙofar direba, amma but ya ce sai da wuta.

Na uku. Mazan unguwa suka tuɓe manyan riguna, domin a Bauchi duk motar da ta ƙi tashi tura ta ake yi. Suka yi ta nishi, tayoyi ko motsi. Ladanmu ya zame ya zauna daɓas a ƙasa. Gwaggo Asabe ta dube ni ta ce, "Kabiru, wannan mota ka saya ko firji?"

Can gidan amarya kuwa abinci ya huce, 'yan karɓar lefe sun fara watsewa. Sai ga waya daga kawunta, wai in mun fasa ne mu faɗa musu, ba a dole. Nura ya zauna a dakali ya sunkuyar da kai, ya kasa ko kallona. Wallahi wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Sai bayan la'asar Baba Ayuba ya dawo daga gona, ya matso da mai hayaƙin tasa, ya jona wayoyi daga batirinsa zuwa ƙaramin nawa, but ya buɗe. Murmushi kawai ya yi mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku gyara manhajar nan mota ta koma barci. Kafin ku sake aiko mata da wani abu, ku faɗa mana da Hausa abin da zai taɓa. Ku kuma sa wa but hannun da mutum zai ja, ko da igiya ce.

Sauran ba za ku iya gyarawa ba. Lefe ya shiga, an ba da haƙuri, aure yana nan. Amma dangin amarya sun aiko cikin ladabi cewa ranar kai ta, a motar Baba Ayuba za a saka ta. Mahaifiyata ma ta goyi bayansu. Ni da na tsaya wa Nura a matsayin uba, a baya zan biyo su, in har motarku ta ga damar tashi.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ranar bikin 'yarka kada wani ya aiko wa motarka da gyara ta iska.

Wassalam.

Kabiru,
Tirwun, Bauchi.