Irin Maɗacin Kurminmu

Juma'a, 2 ga Maris, 2007

Saƙon ƙanena Gado ya iso unguwarmu Bin Omran, a nan Doha: irin maɗaci daga kurmin marigayi Baba, a kwalin ashana. Nufina in gwada renonsa a lambun kamfani inda nake aiki, in ya yi kyau mu sake dasa kurmin. Bara Gado ya bar 'yan katako sun shiga. Ya ce tsinta kawai suka yi, bishiyoyin da aka yi wa alamar jan fenti kaɗai suka sara. Har hoto ya haɗo, daji kore shar. Daga nesa aka ɗauka. Me ya sa daga nesa?

Talata, 20 ga Maris

Kaɗan ne suka tsiro. A cikinsu wasu farare fat, kamar an wanke su da omo.

Asabar, 31 ga Maris

Fararen sun mutu. Na zargi ruwan, na canza. Na zargi Mohammed-Awal, ɗan Kumasi da muke ban-ruwa tare, don na ga hannunsa kusa da buhun taki. Ya ce, "Massa, ciyawarka zan yi wa hassada? Khalas, ya isa!" Na ji kunya. Amma na mayar da tukwanen inda idona ke kai.

Ko ni ne na binne su da zurfi? Na auna da yatsa. Ko ban auna ba?

Litinin, 9 ga Afrilu

Injiniyanmu Basudane ya tsuguna ya duba. Tambaya ɗaya: daga bishiya nawa aka tsinci irin? Ban sani ba. Ya ce masu sara miƙaƙƙu suke zaɓa, su bar karkatattu can da can. Ƙwari ba sa kai garin fure tsakaninsu, sai bishiya ta auri kanta. 'Ya'yan duk jini ɗaya, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Daji yana kore a ido, alhali zuriyarsa ta ƙuntata.

Baba kan zaga kurmin duka da jaka yana tsintar iri, nan kaɗan, can kaɗan. Na ɗauka son yawo ne.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Na kira Gado. Na shirya zai yi ƙarya, har na jera tambayoyin a kaina.

"Daga bishiya nawa?"

"Ɗaya, Yaya."

"Lalaci ne ya hana ka zagawa?"

Ya ce gurguwar bishiyar nan ta bakin rafi ce kaɗai ta yi 'ya'ya bana. Akwai 'yan matasan bishiyoyi da ba su kai sara ba, kuma 'yan katako sun ce bayan damina za su dawo musu. Ya ce bai amsa musu ba. Haka dai ya ce.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Na kira yayarmu Zalihatu da ke aure a ƙetaren kogi, inda babbar motar katako ba ta shiga. Na ce ta sa a tsinto iri daga bishiyoyi daban-daban, kada biyu su zama maƙwabta. Ta ce, "Doha zan aiko?"

Nan ƙasar gishiri ce, ba ta maɗaci ba. Dalilin ke nan, ba wani ba.

Na ce ta kai wa Gado, ya rena a can.