Maganin Hajo da Kake Karɓowa Wurno

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga maigidana, Malam, baban Hajo. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Na sani wagga takarda ba ta isa gare ka. Amma mu uku munka san zancen nan, yanzu saura mu biyu, kuma ta biyun tana kwance da ƙuna a hannu.

Malam, maganin Hajo ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage ko gindin gwangwanin bai rufe ba.

Ka tuna ranar da ɗiyarmu ta fara faɗuwa bakin turmi, jikinta na karkarwa, kumfa a bakinta. Ka saki asabari, ka ce da ni, "Wanga abu ba shi fita gidan nan." Ka san mutanen Rabah. In anka ce mace na da farfaɗiya, ko kwanonta ba a taɓawa don tsoron yawunta, balle a sayi furar da ta kirɓa. Ga shi furar nan ce ke riƙe da mu yau.

Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Daga baya ka hau jaki zuwa asibitin En'e, na hukuma, da ke Wurno, ka gaya wa malamin asibiti kai ke faɗuwa. Duk sa'ad da ƙwaya ta yi ƙasa, sai ka kai kwandon albasa kasuwa, ka biya, ka karɓo da sunanka. Na sha gaya maka ƙaryar nan tana yi mini nauyi. Ka kan ce, "Ni za a tambaya, ba ke ba."

Ranar sadakar ukunka malamin asibitin ya zo ta'aziyya bisa kekensa. Ina bayan zana ina jin shi cikin zaure shina yabonka, wai bai taɓa samun majinyaci mai kiyaye magani kamarka ba. Bai ambaci ciwon ba, Allah ya saka masa. Ni dai na san wanda anka binne ba a karɓa masa magani.

Tun daga nan nake raba ƙwaya biyu da wuƙa, don ta kai mu ƙarshen takabata. Shekaranjiya Hajo na dafa dawo ta faɗi gefen murhu. Allah ya sa ina tsakar gida. Maƙwabciyarmu Gwaggo Ige ta leƙo ta kan katanga tana tambayar mi ya faru, na ce wuta ta kama mata zane. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Ba ni da wanda zan aika ban fasa masa zancen ba, kuma malamin asibitin ba shi bai wa sabon mutum magani sai ya gan shi da idonsa. Na sa an tambayar mini liman. Ya ce mai takaba na iya fita da rana don larura, muddin ta kwana ɗakinta. Ka fi ni sanin nisan Wurno. Ka kuma sha ba ni labarin tagar karɓar magani, yadda ake tambayar ciwo da ƙarfi, masu jiran layi na saurare, har da 'yan garinmu.

Na faɗa wa Hajo duk wannan. Ta dubi hannunta, ta ce, "Inna, su bar sayen furar. Ni wutar nike tsoro."

Don haka gobe bayan sallar asuba za mu kama hanya. Zan tsaya gaban mutumin da ya yabe ka, in gaya masa ba ka taɓa faɗuwa ba. Abin da ka rufe shekara da shekaru ni zan buɗe shi, tare da sunanka. Ka yafe mini, Malam. Ban iya ɗaukar ƙaryar nan yadda ka ɗauke ta ba.

Allah ya gafarta maka abin da ka faɗa don rufa wa ɗiyarka asiri, ya haskaka kabarinka, ya ba Hajo lafiya. Ya kuma maido mu gida kafin rana ta faɗi.

Iyalinka,
Kulu