Kakana Ya Ƙi Hawa Jirgi Sai Wanda Zan Tuƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman in akwai matuƙa jirgin sama a cikinku ko iyalansu, domin abin da ke cina na kasa faɗa wa kowa a gida.

Ni 'yar Sakkwato ce, shekarata ashirin da uku, gidanmu gidan fataken shanu ne a wajen Ƙofar Marke. Kakana na wajen uba, muna ce masa Baba Tsoho, ya yi samartakarsa a zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ya ce a lokacin filin jirgi fili ne kawai na jar ƙasa, babu shinge, shanu na ratsawa suna kiwo. Aikin da aka ɗauke shi shi ne korar shanun in an ce jirgi na tafe. Da sanda yake bin su a guje, sai ya share filin tas, sannan ya koma gefe ya tsaya yana kallon Bature yana saukowa daga abin. Sau ɗaya ya taɓa fuffuken da tafin hannunsa, ya ce ranar bai wanke hannun ba sai da alwala ta tilasta masa. Da aka samu 'yanci aka ce yanzu 'yan ƙasa ma za su tuƙa, ya je ya tambaya, aka ce ina takardarsa ta makaranta. Ba shi da ita. Ya koma bin shanun ubansa.

Da wannan labari na tashi. Ni kuma tun ina ƙarama ba abin da nake so irin kallon sama, sai in zauna a tsakar gida ina bin gajimare da ido har tuwo ya huce a gabana, ina da littafin da nake rubuta kamanninsa a ciki. Baba Tsoho ya ga haka ya sa mini Kyaftin, wai matarsa Kyaftin, kun san wasan kaka da jika. Ranar da na samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi, bijimi ya sa aka yanka, kuma a gaban kowa ya ce shi ba zai hau jirgi ba sai wanda ni ke tuƙawa. Mun ɗauka wasa ne. Sau biyu babana da ƙannensa suna son kai shi Hajji yana ƙi. Limamin unguwa ya zo har gida ya yi masa nasiha cewa farilla ba ta jira, ya amsa masa da cewa, "Liman, shekara sittin nike jira, biyun da sunka rage ba su kashe ni in Allah ya so." Yanzu ya haura tamanin, da sanda yake zuwa masallaci.

A aji ba ni da matsala, jarrabawar takarda ni ce ke kan gaba, likita ma ya ce lafiyata lau. A sama ne asirina ya tonu. Ranar da malamina ya sakar mini ƙaramin jirgin koyo, na leƙa ƙasa na ga kogi ya kwanta kamar zaren azurfa, garken shanu kamar an watsa shinkafa a faifai, sai kawai hankalina ya tafi can. Ban san hancin jirgin ya sunkuya ba sai da na ji malam ya karɓe da ƙarfi. Ya yi haƙuri, ya ce sabon shiga kowa na yi. Karo na biyu masu ba jirage umarni daga hasumiyar filin suka kira ni har sau uku a rediyo ban ji ba, inuwarmu nake kallo tana gudu a kan gonaki. Karo na uku muna gab da sauka ne, kuma ba na son in ba da labarinsa. Da muka tsaya malam bai ɗaga murya ba, da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi matuƙi agogunan gabansa yake kallo, taga ta fasinja ce, kuma shi ba zai sa hannu in tashi ni kaɗai ba, don yana da 'ya kamata. An ba ni wata ɗaya in je gida in yi tunani, in na dawo dama ɗaya ta rage mini.

A gida na ce hutu aka ba mu. Ni da ban iya ƙarya ba, sati uku ke nan ina cikinta. Baƙi na zuwa gaishe ni, ƙawayen mamata na cewa in ɗauke su kyauta zuwa Madina, ni kuma ina murmushi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kira wata yaya da ta yi shekaru tana tuƙin jirgi, na tambaye ta gaskiya. Ta ce aikin da daraja, tana kuma son sa, amma Sallah nawa ta yi a otal ba ta san adadi ba, yaron da ta haifa ya fara tafiya ba ta nan, kuma har ka tsufa ana sake gwada ka, rana ɗaya ka faɗi a ajiye ka. Ta ce bayan an gama ma wasu sai sun daɗe suna jira kafin kamfani ya ɗauke su, balle a ba su jirgin alhazai. Sai ta tambaye ni, tuƙin nake so ko saman? Na yi mata godiya na kashe wayar.

Jiya babana ya ce an fara karɓar sunayen maniyyatan bana, ya roƙe ni in lallashi tsohon tunda maganata kawai yake ji. Na shiga ɗakin Baba Tsoho da niyyar in faɗi komai. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Matata Kyaftin, wata nawa ya rage?" Na buɗe baki na ce shida. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala.

'Yan uwa, wannan aiki ya kai in koma in yi yaƙi da halina dominsa, ko mai irin hankalina bai kamata a ba shi rayukan mutane ba? Akwai wanda ya fara kamar ni kuma ya gyaru? In kuma haƙura zan yi, da wane baki zan gaya wa Baba Tsoho ya je ya hau jirgin wani? Ranar Alhamis za a rufe karɓar sunaye. In ya rasa bana saboda ƙaryata, ban san ko zai ga baɗi ba.