A Takarda Ni Ce Mai Shagon Yayan Mijina

Daga akwatin saƙo. Wata 'yar uwa ce daga Bronx a Amurka ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya rubuto min "ki yi haƙuri", domin haƙurin ne ya kawo ni inda nake. Sunayen da za ku gani duk na canza su, kun san garin nan, ka yi atishawa a unguwar Morrisania sai a yi maka sannu daga can unguwar Flatbush.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ɗinki nake yi a falon gidana. Mijina, bari in kira shi Baban Amira, yana aiki a shagon yayansa da ke unguwar University Heights, irin shagunan nan namu na manja, garin rogo, daddawa, busasshen kifi da naman halal. Shi ke yankan nama a baya. Yayan nasa shi ya kawo shi ƙasar nan, shi ya tsaya masa a aurenmu, don haka a gidanmu in an ce Yaya ya ce, magana ta ƙare. Ni ko sunansa ban taɓa kamawa ba, in na gan shi har ƙasa nake durƙusawa, ko a bakin titi ne, mutane na kallona kamar na yar da wani abu.

Lokacin annobar korona shagon Yaya bai rufe ba ko na yini ɗaya, tunda kayan abinci ne, ciniki ma ƙaruwa ya yi. Ni ce ɗinkina ya mutu murus, ba biki ba suna, wa zai ɗinka anko? Sai na kwaso ragowar atamfofin da ke cikin buhu na fara ɗinka takunkumin fuska. Na farko maƙwabciyata na ba, wata tsohuwa 'yar Ghana da ke aikin jinya a gidajen mutane, don na ga tana fita da ɗankwali ɗaure a hanci. Daga nan na riƙa ratayawa a hannun ƙofar kowa a benenmu, kyauta. Tsohuwar nan cutar ta kama ta daga baya, ta tafi asibiti ba ta dawo ba, Allah ya jiƙanta. Har yau in na ga irin atamfar da na yi mata takunkumin sai na kau da kai. A lokacin ne kuma na haɗu da Mariama, 'yar Maraɗi, mijinta ya rasa aiki, ta zo tana taya ni yankan yadi, har yau muna tare, keken ɗinki biyu a falo ɗaya, yara na tsallake zare kafin su kai ga talabijin.

Kwanakin baya aka yi sanarwa a wannan zauren namu cewa gwamnati ta ware tallafi ga ƙananan sana'o'i na mata da na 'yan tsiraru irinmu, waɗanda annoba ta durƙusar, ba bashi ba ne, ba a biya. Na ce Alhamdulillahi, wannan kam kamar an auna ni aka ɗinka. Burina ba mai yawa ba ne, ɗan shago ƙarami ko da rabin na wani ne, da babban keke irin na masana'anta, mu fita daga falo. Na gaya wa Mariama, ta yi ta tsalle, tun daga ranar ta daina kiran sunana sai "patronne", wato uwar ɗaki da Faransanci. Kullum ta shigo sai ta ce, "Patronne, ina labarin dossier ɗinmu, takardun nan namu? Ni hwa har na zaɓi inda za ni aje mashin ɗina na ɗinki, kusa ga taga."

Na haɗa takarduna tsaf, na tafi wani ofishi da ke taimaka wa mutane cike fom kyauta. Matar da ta karɓe ni mutuniyar kirki ce, ta buga sunana a kwamfuta, sai ta ɗago da fara'a tana min murna. Wai ai na riga na nema, har na haye matakin farko, saura kawai a zo a ga shagon da ido a yi min tambayoyi. Na ce wane shago? Ta juyo min da kwamfutar. Sunan shagon Yaya, adireshinsa, ga sunana a matsayin mai fiye da rabin shagon, ga sa hannuna ƙuru-ƙuru, ba na jabu ba, nawa ne, da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe. Ta kuma ce a wannan shirin mutum ɗaya nema ɗaya yake yi, don haka ɗinkina ba shi da wurin shiga. Wallahi sai da na nemi ruwa.

A cikin jirgin ƙasa ina dawowa na tuna ranar. Ranar sunan autana ce. Gida cike da mata, ina zaune da jariri, jikina ko warwarewa bai yi ba, aka ce Yaya na sallama a bakin ƙofa. Na fito na durƙusa, ya yi min barka, ya miƙo wasu takardu da biro, ya ce, "Amarya, ɗan sa hannu nan da nan, takardun iyali ne, just formality." Ni fa na yi karatu, har koyarwa na yi a Zariya kafin in zo, Turancin takarda ba ya gagara ta. Na sauke ido na fara karanta layin farko, sai na ji Baban Amira ya yi gyaran murya. Na ɗago, ya yi min wani kallo, irin na "yanzu Yaya ne zai ba ki takarda ki tsaya bincike a gaban mutane?" Kun san yadda muka tashi, babba ya miƙo maka abu ka tsaya dubawa, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Kunya ta kama ni, na sa hannu wuri huɗu a durƙushe, har da cewa na gode. Na gode fa! Ashe gaskiyar masu iya magana ne, kunyar mara kunya asara ce.

Da na tari Baban Amira da maganar bai ko musa ba. Ya ce ai ba wani abu ba ne, kowa haka yake yi, matar Yaya tana gida Najeriya kuma ba ta da takardun nan, ni ce mace mai takarda a dangi, da wa za a sa? Na ce to me ya hana a tambaye ni? Ya ce da an tambaye ni zan ƙi ne? Na ce ɗinkina fa? Ya ce wai shago na ciyar da gidaje uku, ɗinki kuwa abin rage zaman banza ne. Abin rage zaman banzan da ya saya wa 'ya'yansa rigunan sanyi shekara da shekaru. Ban zage shi ba, amma abincin da na dafa ranar ban iya kai shi bakina ba.

Abin da ya fi tayar min da zuciya bai zo ba sai da na koma ofishin nan na roƙi matar ta buga min fom ɗin gaba ɗaya, tunda ai nawa ne. Akwai wurin da ake cewa ka ba da labarin yadda annoba ta shafe ka da abin da ka yi wa unguwarku. 'Yan uwa, labarina ne a wurin. Takunkumin atamfa, ratayawa a hannun ƙofa, har tsohuwar nan 'yar Ghana da ɗankwalinta a hanci, har rasuwarta. Sai dai an juya shi, wai a bayan shagon nake ɗinkawa ina raba wa masu sayayya. Yaya kuwa, mutumin da a lokacin na aika masa da takunkumi guda ashirin ya raba, ya zuba su a kwali kusa da kantar shagon yana sayarwa. Kuma maganar ɗankwalin nan mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya, ina kuka na gaya masa, a ɗakinmu. To ku gaya min wa ya kai musu. Sunana da aka ɗauka ya ƙona min rai, amma a ɗauki matacciya a yi talla da ita, wannan ƙyama ya ba ni.

Shekaranjiya Yaya ya zo gidan da kansa, abin da bai taɓa yi ba in ba suna ko rasuwa ba. Ya zauna a kujera tsakanin kekunan ɗinkina biyu, ya ture yadin wata mata da ƙafa, ya fito da takarda mai tambaya da amsa, wai in haddace. Ƙarfe nawa nake buɗe shago, daga ina nake saro manja, ma'aikata nawa ne a ƙarƙashina. Ya ce ranar Talata jami'ar gwamnati za ta zo, in sa kaya masu kyau in zauna a bayan kanta, shi kuma zai sa rigar aiki ya tsaya gefe kamar yarona. Ya ce, "Ki saki jiki, ki yi smiling, matan nan suna son su ga confidence." Mutumin da shekara tara ina zuwa shagonsa bai taɓa bari na wuce inda ake ajiye kwandon albasa ba, wanda ya taɓa cewa a gabana kasuwancin mace wasan yara ne, yau shi ke koya min yadda mace mai shago ke zama. Ya ƙare da cewa in abu ya fito ba za a manta da ni ba, za a saya min zare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni kuwa ina durƙushe ina "to Yaya, to Yaya", ina jin haushin bakina da kaina.

Da zai tafi ya ajiye min mukulli a kan keke, ya ce in riƙe shi a hannu ranar don a ga nawa ne, in an gama in ba Baban Amira ya mayar masa. Jiya da safe bayan na kai yara makaranta, ban san me ya ja ni ba, na hau mota na je shagon tun kafin su buɗe. Na zura mukullin a kwaɗon ƙofa. Bai shiga ba. Na gwada na ƙasa, bai shiga ba. Da na duba da kyau, mukullin tsohon kwaɗo ne da suka canza tun bara. Ko a cikin ƙaryar ma bai yarda ya ba ni na gaske ba. Na tsaya a gaban shagon da gwamnati ta sani nawa ne, ina ta dariya ni kaɗai, wani mai wucewa har ya tambaye ni ko lafiya.

Ga inda na tsaya. Matar ofishin ta yi min bayani a fili, ta ce ranar Talata bayan tambayoyi akwai takardar rantsuwa da zan sa wa hannu cewa ni ke tafiyar da shagon, kuma in asiri ya tonu wata rana, wanda sunansa ke jiki shi za a nema, ba mai rigar aiki da ke tsaye a gefe ba. Ta ce ina da damar janye neman kafin ranar, in na janye wataƙila a zagaye na gaba in shigar da ɗinkina, amma ba ta yi min alkawari ba. In na janye kuma Yaya zai sani a ranar, aikin mijina a hannunsa yake, kuma kafin magariba labari ya isa Zariya cewa na zo Amurka na waye na tozarta dangin miji. Mahaifiyata ta tsufa, ba na son a kai mata wannan. In kuwa na je na zauna a bayan kantar nan na yi musu smiling, na yi rantsuwar ƙarya a kan sunana, na kuma sa hannu a kan ƙaryar da aka yi wa baiwar Allahn da ke kabari. Wata ƙawata ta ce tunda takarda ta ce shagon nawa ne in nemi lauya in kama abina, amma ni ba manjan Yaya nake so ba, ɗinkina nake so.

Mariama ban gaya mata ba har yanzu. Yau da safe ma ta shigo da awon labulen da take son mu sa a tagar shagonmu, ta ga fuskata ta ce, "Patronne, mi ya hwaru?" Na ce kaina ke ciwo.

Don Allah malamai da ke cikin zauren nan, biyayyar miji ta kai har ga rantsuwar ƙarya? Masu sanin dokar ƙasar nan, in na janye yanzu sa hannun da na yi a baya zai iya bi na? Matan da suka daɗe a gidan aure, akwai hanyar da zan ce a'a ba tare da gidana ya watse ba? Kwana huɗu ya rage. Mukullin da ba ya buɗe komai na nan a kan kekena, kuma tambaya ta farko a takardar da Yaya ya ba ni ita ce, ke ce mai wannan shagon? Ya rubuta min amsarsa a ƙasa. Ku gaya min tawa.