Esin ɗakin ɗinki da tabarmar Malam Sule

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gajiya, yaya Alhaji da yara? Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Mu nan Nassarawa sai godiyar Allah.

Kin san zafin ɗakin ɗinkina. To, Baban Amina ya sayo min esi. Da kansa ya huda bango, ya kafa injin waje ta ɓangaren layi. Sanyi kam, masha Allah.

Da la'asar na leƙa, sai na ga iskar zafin tana hurawa daidai inda Malam Sule, maigadin maƙwabtanmu, yake shimfiɗa tabarmar salla. Na ce, "Malam, mun takura maka." Yana share gumi ya ce, "Haba Hajiya, ba komai."

Yaya, wannan "ba komai" ɗin ta hana ni sukuni. Na kashe esin, na ce ba zan sha sanyi da haƙƙin maƙwabci ba. Baban Amina ya yi ta mita, amma jiya ya mayar da injin ɓangaren lambu. Yanzu bangon huda biyu gare shi, ni kuwa ina ɗinkina hankali kwance.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Goggo da yara duka.

Ƙanwarki,
Hauwa