Turancin da Ka Nema da Makirfon da Na Miƙa

Zuwa ga ƙanena, sabon Kakaki,

Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan rabona da gida, kuma a cikinsu ban taɓa zama na rubuta maka doguwar wasiƙa ba sai yau, kullum sai dai waya, a gaisa a gaggauce kafin kati ya ƙare. Ina fatan kana lafiya, kai da amaryarka da na sani a hoto kawai. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sassauta mata ciwon gwiwar nan. Maman yara ta ce mini yanzu a zaune Inna take salla, wai kuma ta hana a faɗa mini, to kada ka nuna mata na ji. Na samu labarin Yaya ta sauka lafiya, an samu mace, Allah ya raya. Ni ma kalau nake, in ban da bayan nan da ya fara yi mini gardama idan na sunkuya.

Saƙonka ya iso. Wato kai ne yanzu mai magana da yawun Onarabul! Yaron da in baƙo ya yi sallama yake ɓuya bayan ƙofa, yau shi zai tsaya gaban kyamara. Na yi dariya, na kuma yi maka murna har cikin raina, Allah ya sa albarka. Ka ce 'yan jaridar gidajen talabijin na Turanci za su zo su titsiye maigidanka a kan gadar da aka biya kuɗinta ba a gama ba, kana so in koya maka irin Turancin da manya ke yi a wurin, tunda a ɗakin taron otal nake aiki. Ban san abin da kuke zato a gida ba, amma aikin nawa shi ne jera kujeru, goge tebur, ajiye ruwa gaban masu jawabi, in an zo tambayoyi kuma in riƙa zagayawa da makirfo. Da shi nake aiko muku ɗan abin da nake aikowa, kuma takardar zamana a ƙasar nan a jikinsa take: ranar da otal ya ce ya gama da ni, ranar izinina ya fara mutuwa. Aikin nan ya shiga wani hali, zan zo kansa, amma bari in fara biya maka buƙatarka.

Turancin kansa zan karanta maka a waya don ka ji yadda ake lanƙwasa harshe. A nan ma'ana zan ba ka, da inda ake sa kowace jimla. Ba su da yawa, na ji su daga bakin ministoci da shugabannin kamfanoni har na haddace su kamar waƙar talla. Idan aka jefo maka tambayar da ta taɓa ka, fara da cewa wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, ka gode wa mai ita. Ba yabonsa kake yi ba, numfashi kake ja kafin dabara ta zo. Daga nan ka ce bari ka fito fili ka yi magana ba rufa-rufa. Duk wanda na ji ya faɗi haka, to ya kusa kashe fitila ne. An tambaye ka gada, kai kuma ka ce abin da ya fi muhimmanci a tuna shi ne kaza, sai ka kama zancen rijiyoyin da kuka haƙa. Idan mai tambaya ya nace, ka ce ana kan bincike, bai dace ka riga kwamiti magana ba. Idan ya kawo lissafi, ka ce ba ka da alƙaluman a gabanka, amma ofishinku zai neme shi. Kada ka kuskura ka ce no koment ɗin nan da samari ke kwaikwayo, wato ba ka da ta cewa, manya sun daina, tana sa mutum ya yi kama da wanda aka tarar da akuyar maƙwabci a ɗakinsa. Ka riƙa kurɓar ruwa kafin amsa, kada ka ɗaga murya ko an zage ka. Akwai ta ƙarshe, wadda ake fiddowa in an rasa rai: a ɗan sunkuyar da kai, a ce zukatanmu da addu'o'inmu suna tare da iyalan mamacin.

Abin da ba a gani a talabijin shi ne nawa ɓangaren. Kafin a buɗe ƙofa, mai tsara taron yakan ja ni gefe ya nuna mini kujerun waɗanda za a ba dama. Kowa zai ɗaga hannu, mai jawabi yana waige-waige kamar yana zaɓe, ni kuwa idona yana kan mai tsarawa da ke jingine da bango. Inda ya karkata haɓa, can zan nufa. Wanda ba a so, sai in bi ta wani layi in yi kamar ban gan shi ba. A ɗaki irin wannan, muryar da ba ta bi ta makirfo ba ba ta shiga kyamara, tamkar mutum bai buɗe baki ba. Na ƙware a wannan har manaja yakan ce a bar mini manyan taruka.

A ɗakin da muke haya mu shida, akwai wani bawan Allah mai wanke gilasan dogayen benaye, muna ce masa Jemage don wuni yake a rataye da igiya. Gadonsa ne a saman nawa. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce duk cikinmu shi kaɗai ne ya yi sama a ƙasar nan, mu kuma mu ce ya dai riƙa wanke ƙafa kafin ya hau mana kai. Ya sha yi mana ƙorafin igiyarsa ta fara zarewa, ya kai kuka wurin shugabansu, aka ce sabuwa tana hanya. Watan jiya ta tsinke da shi. Mu muka yi masa sutura, mu 'yan kaɗan, ni kuma aka ɗora wa kiran matarsa mai 'ya'ya huɗu, ba na fatan ko maƙiyina ya yi irin wannan kira. Kamfanin mai benen ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya kashe waya. Wata 'yar jarida, siririya mai tabarau, ita kaɗai ta zo har ɗakinmu, ta zauna a bakin gadona ta rubuta duk abin da muka faɗa.

Ana nan sai ga kamfanin nan ya kama ɗakin taronmu don sanar da sabon ginin da zai yi. Ni na jera kujerun, ni na goge kofin kakakinsu har yana ƙyalli. Da mai tsarawa ya ja ni gefe, kujera ɗaya ya nuna mini, ya ce ko gobara ta tashi kada makirfo ya je can. Na duba, mai tabarau ce. Aka yi jawabi, aka nuna hoton gini, aka tafa. Na kai wa na farko makirfo, ya tambayi hawa nawa ne ginin. Na kai wa na biyu, ya tambayi yaushe za a buɗe. Ita kuwa hannunta yana sama tun farko, har ta tallafe shi da ɗayan. Da aka ce saura tambaya ɗaya, haɓa ta karkata hagu, ni kuma ƙafafuna suka yi dama. Ba zan ce maka jarumta ba ce. Na san abin da zai biyo baya sarai, ina tafe ina ganin fuskokin yarana, amma na kasa wuce ta, na miƙa mata makirfon.

Ta miƙe ta tambayi kakakin kamfanin ko ya san sunan mutumin da ya faɗo daga benensu, da kuma wanda aka kai wa kukan igiyar. Kakakin ko gezau bai yi ba. Ya kurɓi ruwan da na zuba masa, ya gode mata da wannan tambaya mai kyau. Ya ce bari ya fito fili, lafiyar ma'aikata ita ce gaba da komai a wurinsu. Ya ce ana kan bincike, kuma saboda mutunta iyali ba zai ambaci suna ba. Ya sunkuyar da kai ya aika da zukatansu da addu'o'insu, sannan ya ɗago ya ce abin da ya fi muhimmanci a tuna shi ne sabon ginin zai samar wa dubban mutane aiki. Wallahi ƙanena, ko tuntuɓe bai yi ba, har wasu suna gyaɗa kai. Washegari hoton ginin ne ya cika jaridu. Ita kuwa editanta ɗan gurbi ya ba ta a shafin ciki, can ƙasan tallar katifa.

Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce suna matuƙar yaba shekarun da na yi musu, kuma ba da sauƙi suka yanke wannan shawara ba. Sauran na san shi tun kafin ya ƙarasa. Ba zan zalunce shi ba, ya biya ni haƙƙina cif, ya rubuta mini takardar shaida mai kyau, kuma shi ma akwai wanda ke karkata masa haɓa daga sama. Ko kakakin ba zan ce mugu ne ba. Na gan shi a bayan labule bayan taron yana haɗiyar maganin ciwon ciki, kuma na yarda sunan ne bai sani ba. Abin da ke cin raina shi ne na ba da aikina gaba ɗaya a kan tambaya guda, aka amsa ta da ladabi, ko ƙura ba ta tashi ba. Har yau matar Jemage ba ta ga ko sisi ba. Na zagaya otal-otal, amma manajoji suna magana da juna, ga furfura kuma ba ta ɓuya. Izinina zai ƙare ƙarshen watan gobe. Ina tahowa gida.

Ba zan ce ka bar aikinka ba, don gidan nan ya kusa komawa wuyanka, kuma kalmomin suna aiki, da idona na gani. Yi amfani da su a kan gada. Roƙona ɗaya ne: waccan ta ƙarshe, ta zukata da addu'o'i, kada ta fito daga bakinka sai ka san sunan mamacin, ka kuma taka ka je gidansu. Maman yara ta san komai. Inna kuwa ku bar ni da ita, ni zan faɗa mata da bakina.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da Yaya da jaririyarta, da amarya, da Auta mai kunnen ƙashi. Ka ja kunnen kowa kada a zo tarbata da dogon buri. Ga abin da na iya tarawa: tikitin jirgi, na riga na biya; kuɗin makarantar yara na zango biyu; rabin filin da muka haɗa da Kawu muka saya, ko bulo ɗaya babu a kai; akwati biyu, ɗaya kayan sawata, ɗaya tsarabar yara. Akwai jaka ta uku, amma ba tawa ba ce, ta Jemage ce, zan kai wa matarsa.

Wassalam,
Yayanka.